Kukan Kurciya Jawabi Ne

 Sharhinmu na yau daga Kusada ta jihar Katsina ya taso, kuma da roƙo zan buɗe shi. Gobe idan Allah Ya kai mu, in an idar da sallar asuba, kada a yi gaggawar komawa shimfiɗa. Malam, ka ɗan tsaya a ƙofar masallaci. Hajiya, ki ɗan tsaya a tsakar gida. Minti biyar kacal nake nema, a yi shiru, a kasa kunne, a ƙirga muryoyi nawa aka ji waɗanda ba na ɗan'adam ba ne, ba kuma na babur ko injin niƙa ba. In hantsi ya dubi ludayi, a nemi dattijon da ya haura saba'in a unguwa, a tambaye shi abin da shi yake ji a daidai wannan lokaci, sa'ad da yake yaro mai kai shanu kiwo.

Na sha yi wa dattawa wannan tambaya, a nan Kusada da Yashe da Mawashi, har zuwa Kafin Soli da Rimaye ta ɓangaren Kankiya, kuma amsar kusan iri ɗaya ce. Za su lissafo maka fakara mai kiran asuba daga bakin gona, da zabin daji, da ragon maza mai kuka kamar ana tsiyayar ruwa daga gora, da burtu mai gurnani kamar ganga daga nesa, da gauraka da ke ratsa sama da yamma za ta fadama. In dare ya tsala kuma ga dila, wani lokacin har da kura. Sai dattijo ya ɗan nisa, ya ce maka yanzu daji ya yi tsit.

A kan wannan tsit ɗin nake so mu tsaya yau. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa nan kusa da mu, ya rasu tun 1999, amma duk mai son jin muryarsa zai ji ta yanzun nan, domin an adana ta a faifai da kaset da memori. To wa zai iya kunna mana asubahin Kusada ta shekarar 1970? Muryar mawaƙin tana hannunmu, muryar ƙasar da ta haife shi kuwa a kunnuwan tsofaffi kaɗai ta rage, kuma kullum muna raka su makwanci ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne wani irin gurbin aiki da jami'o'in Turai da Amurka ke tallatawa a 'yan shekarun nan. Gurbin bincike ne na wanda ya riga ya gama digirin digirgir, a ɗauke shi shekara biyu ko uku, ba don ya cika aji da darasi ba, sai don ya duƙufa kan tambaya guda har ya ga bayanta. Sharaɗin da ake gindaya masa ne abin lura: ya san fasahar sauti irin ta situdiyo, wato makirufo da rikoda da manhajar tace murya, ya kuma san kimiyyar muhalli, wato itatuwa da tsuntsaye da ƙwari da ruwa da yanayi. Mai sauraro zai iya cewa ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa mai haɗa kiɗa da malamin gandun daji? Kunne ne ya haɗa su, kuma makaɗa ne ma suka share wannan hanya kafin masana kimiyya su biyo sawu.

A ƙarshen shekarun 1960, wani mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Kanada, R. Murray Schafer, ya kafa wani shiri a Jami'ar Simon Fraser na naɗar sautin garuruwa da ƙauyuka, bisa hujjar cewa kowane wuri yana da muryarsa kamar yadda yake da kamanninsa. A Amurka kuma akwai Bernie Krause, makaɗi da ya yi suna wajen sarrafa na'urar Moog, ɗaya daga cikin kakannin fiyanon da samarinmu ke haɗa kiɗa da ita a situdiyoyin Kano da Katsina. Tun daga 1968 ya fara ɗaukar rikodarsa yana shiga daji, daga baya ya koma makaranta ya yi digirin digirgir a kan sautin halittu. Ya tara sama da awa 5,000 na muryoyin daji da na ruwa.

Ga labarinsa da ya fi tsaya mini a rai. A 1988, wani kamfanin katako ya zo wani wuri mai suna Lincoln Meadow a tsaunukan jihar Kalifoniya, ya ce zai tsinci itatuwa ne nan da can, ba zai yi wa dajin illa ba. Krause ya naɗi sautin wurin da asuba kafin a sa gatari. Bayan shekara guda, a 1989, ya koma daidai inda ya tsaya, a daidai irin lokacin. A ido dajin yana nan kore shar, wanda aka nuna wa hoto zai rantse ba a taɓa shi ba. Da aka kunna rikoda sai ga ƙarar rafi tana nan, amma cincirindon muryoyin tsuntsayen nan ya watse. Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji. A wannan daji, ji ne ya tona abin da gani ya rufe.

Yaya ake wannan aiki? Ana ɗaure wata 'yar na'ura a jikin itace, irin wadda ake kira AudioMoth, wadda masu bincike na jami'o'in Southampton da Oxford a Ingila suka ƙera. Ba ta kai tafin hannu ba, batir uku take ci, kuma ana iya saita ta ta riƙa farkawa da kanta da asuba da magariba da tsakar dare, ta yi makonni tana naɗa. Kunnen ɗan'adam yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda, ita kuwa tana kama har abin da ya zarce haka, kamar kiran jemagu masu cin ƙwari. In an kwaso memori, sai kwamfuta ta mai da sautin hoto: murya mai kauri ta kwanta ƙasa, siririya ta hau sama, lokaci kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama. Duk yaron da ya taɓa zama gaban kwamfutar situdiyo yana gyara muryar mawaƙi ya san irin wannan hoto.

Abin da Krause ya lura da shi a irin waɗannan hotuna, kowane makaɗin Hausa zai gane shi nan take. A dajin da ke da lafiya, halittu ba sa tattake muryar juna. Kwaɗi suna da layinsu, gyare yana da nasa can sama, tsuntsaye sun raba tsakiya, wani ya yi shiru wani ya shigo. Haka ƙungiyar makaɗa take: babban kalangu da wurinsa, ƙarami da nasa, uban waƙa ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa. Ranar da ɗan amshi guda bai zo ba, wanda ya saba da ƙungiyar zai ji giɓin ko idonsa a rufe yake. Aikin wannan mai bincike shi ne ya gano giɓin, ya faɗi wane ne ya ɓace, tun yaushe, da abin da ya kore shi.

Jama'a, ban ga al'ummar da ta fi mu cancantar wannan ilimi ba. Harshenmu da karin sauti yake tafiya, shi ya sa kalangu ke iya magana, mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake, manomi ya ji gangar noma ya ƙara ƙaimi a kunya. Maharbinmu na gane dabba da kukanta. Makiyayi na gane saniyarsa a cikin garke da muryarta. Mai zuma na kara kunne a amya ya san ko ta cika. Kakanninmu ne suka ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Alƙur'ani mai girma ma ya ba mu labarin Annabi Dawuda, wanda duwatsu da tsuntsaye ke tasbihi tare da shi, da Annabi Sulaimanu, wanda aka sanar da shi zancen tsuntsaye, amincin Allah ya tabbata a gare su. Sauraron halitta tsohon gadonmu ne, na'ura ce kawai sabuwa.

Kayan kiɗan namu ma 'ya'yan daji ne. Kangon kalangu daga itace ake sassaƙa shi, irin su alilliba. Goge ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki. Shantu daga duma yake, sarewa daga kara ko gora. A tambayi masassaƙi irin nisan da yake yi yau kafin ya samu gungumen da zai yi kango ko turmi, a tambayi mai goge wahalar samun fata. Gatarin da ya kori tsuntsu daga reshe, shi ne ke bin makaɗi har gida.

Kada kuma a ce haɗa waƙa da kimiyyar ƙasa a ƙirjin mutum guda abin Turawa ne. A nan jiharmu muna da Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, masanin kimiyyar duwatsu da ƙasa a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wanda kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa bin diddigin rayuwar Shata da waƙoƙinsa, yana ɗaya daga cikin marubutan littafin Shata Ikon Allah tare da su Malam Ibrahim Sheme. A Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekaru yana nazarin waƙar baka da makaɗanta, kuma a wannan jami'a akwai cibiyar binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da aka kafa a 2001, wadda ta yaye matasa masu yawa da suka san tsuntsayen ƙasar nan. Mutanen suna nan, ilimin yana nan. Kowa dai yana ɗakinsa ne, an rasa zauren da zai tara su.

Na san abin da ke ran wasu masu sauraro, kuma ban raina shi ba. Za a ce mutane na fama da tsadar taki da abinci, ga rashin tsaro ya hana wasu sassan jihar noma, kai kuma kana zancen kukan tsuntsu. Tambaya ce ta gaskiya, ga kuma amsata.

Ta farko, lissafin dashen itatuwa. Jihar Katsina na cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma kafin shi mun ga shirin dashen itatuwa na Katsina da Turai ta tallafa wa tun shekarun 1980. Kowace damina ana faɗa mana adadin dashen da aka raba. Amma adadin dashe ba ya faɗa maka ko ƙasa ta farfaɗo. A 2023 masu bincike sun nuna a dazukan ƙasar Ekwado cewa ta sauti kaɗai ana iya gane matakin da gonar da aka bari ta kai wajen komawa daji. In an ɗaure na'ura a shingen itatuwa yau, aka koma bayan shekara uku da biyar, sauti zai ba da shaidar da rahoton ofis ba zai iya murɗawa ba. Ga maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a ƙone shi, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da hekta miliyan 5. Ina so in ji an kunna mana asubahin gonar da ke cike da gawo a can, a kunna ta gonar da aka share tas a nan, manomi ya yanke hukunci da kunnensa.

Ta biyu, aljihun manomi da lafiyar iyalinsa. Ƙudan zuma da sauran ƙwari ne ke yi wa amfanin gona da yawa barbara, tsuntsaye da jemagu da kwaɗi kuma su ke rage ƙwarin da ke cinye shi. Yau kusan kowane matashi na da goyon famfon feshi a bayansa. Me wannan feshi ke yi wa kwaɗin fadama da na bakin dam ɗin Kusada? Kwaɗo na shaƙar abin da ke cikin ruwa ta fatarsa, don haka in kukansa ya ragu bayan ruwan shuka, gargaɗi ne a kan ruwan da mu da dabbobinmu muke sha. A Jami'ar Oxford akwai wani shiri mai suna HumBug da ke gane jinsin sauro ta ƙarar fiffikensa, da wayar hannu. A gaya mini, wannan bai shafi ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ba, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina? Akwai kuma masu amfani da makirufo su gano ƙwarin da ke cin hatsi a cikin buhu tun kafin ido ya ga gari a ƙasa.

Ta uku kuwa, in ba mu yi ba, za a yi ba da mu ba. Akwai manhajoji irin su BirdNET, ta Jami'ar Cornell a Amurka da wata jami'a a Chemnitz ta Jamus, da ke gane tsuntsu daga kukansa. Amma na'ura abin da aka koya mata kaɗai ta sani, kuma muryoyin da aka fi ciyar da ita da su na tsuntsayen Turai da Amurka ne. Wanda zai koya mata cilakowa da suda da yautai, ya kuma rubuta sunayensu na Hausa da Fulatanci a gefen na kimiyya, dole ya fito daga cikinmu.

Saboda haka ga kirana ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da asusun TETFund mai ɗaukar nauyin bincike a manyan makarantu, da ma'aikatar muhalli ta jiha. A buɗe gurbi guda, guda tak don gwaji, na shekara uku, ga matashi ko matashiyar da ta gama digirin digirgir. A rataya gurbin tsakanin sashen Hausa da na nazarin halittu da na kwamfuta, kowanne ya ba da mai duba aikin. A sa Kusada da Kankiya su zama filin aiki, domin a ɗan taƙin nan akwai jigawa da fadama da bakin ruwa da makiyaya da kasuwa da babbar hanyar Kano zuwa Katsina. A haɗa mai binciken da samari biyu ko uku daga masu aikin situdiyo, waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa a kan manhajar sauti, su ma su ga cewa sana'arsu ta wuce waƙar biki da ta siyasa. A naɗi bazara da damina da kaka da hunturu, a wurare guda, a lokuta guda, shekara bayan shekara.

Sai dai a shiga ta ƙofa. A wannan zamani na ɗar-ɗar, duk wanda ya ga baƙon akwati ɗaure a jikin kuka zai tsorata, kuma yana da hujja. A fara da fadar Bebejin Katsina a Kusada da ta Kankiyan Katsina, a sauko ga dagatai da masu unguwanni da limamai, a nemi izinin mai gona, a bayyana wa kowa cewa ba hirar mutane ake nema ba, in ma ta shiga za a goge. Kwafin duk abin da aka naɗa kuma ya zauna a nan gida, a hannun jami'o'inmu da gidajen rediyonmu, kada wata rana jikokinmu su nemi izinin wata ƙasa kafin su ji kukan tsuntsun garinsu.

Akwai wani aiki guda da nake ganin ya fi duk sauran gaggawa, kuma makaɗi ne kaɗai zai iya shi. A 2021 wasu masana suka ɗauki ƙidayar tsuntsaye ta shekara 25 daga wurare sama da 200,000 a Turai da Arewacin Amurka, suka haɗa ta da muryoyin da aka adana, suka sake gina sautin waɗannan wurare kamar yadda ake haɗa waƙa a situdiyo, suka tarar yana ta raguwa yana ƙara zama iri ɗaya. Su takardun ƙidaya suke da su. Mu tsofaffi muke da su, kuma kunne ya girmi kaka. Mai binciken nan ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zauna gaban tsohon maharbi da tsohon makiyayi da gwoggon da ta yi shekara sittin tana zuwa itace. Su faɗa masa wa ke fara kuka, wa ke bi masa, daga wace kusurwa, a wane wata. Ya nemo muryoyin daga inda suka rage, ko a Nguru ne ko a Maraɗi, ya jera su, ya kunna musu. Baba ya ce a'a, fakarar nan ta yi kusa, mai da ita bayan gari. Gwoggo ta ce kwaɗin sun yi kaɗan, ƙara su. Ya yi ta gyara har ranar da tsohon zai runtse ido ya ce yauwa, haka take. A ranar mun dawo da asubahin 1970, mun kuma samu ma'aunin da za mu auna kowace asuba mai zuwa da shi. Wannan aiki yana da wa'adi, domin masu riƙe da shi ba za su jira kasafin kuɗin baɗi ba.

Kafin jami'a ta motsa, mu ma muna da abin yi. Wayar da ke aljihunka rikoda ce. Gobe da asuba ka naɗi minti biyar ɗin nan da na roƙa, ka faɗi sunan wurin da kwanan wata a farkonsa, ka adana. Malamin firamare ya fita da ɗalibansa gindin tsamiya, su rufe ido su rubuta abin da suka ji. Mai gona ya bar tohon gawo ko na kanya guda biyu bana, ya ga wa zai sauka a kai nan da shekara uku. Wanda kuma Allah Ya bar masa kaka ko kakanni a raye, ya je ya gaishe su yau, ya kunna wayarsa, ya ce Baba, kwaikwaya mini kukan gauraka.

Kurciya tana nan tana jawabinta a kan katangarmu kowane hantsi. Allah Ya sa mu cikin masu hankalin da ke ganewa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.